Gaisuwar Mutuwa a Shagon Nadim

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rufe wa layinmu kasuwa ba, ni kaɗai, da bakina, ba bindiga ba sanda. In ka shigo unguwar Kilomita Biyar a nan Bangi yau ka tambayi masu shagunan layin, za su ba ka labarin, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Gara in ba ka da kaina, tunda ni na san inda abin ya fi ciwo.

A shagon Kawu Idi nake aiki, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da atamfa da shadda a sari. Duk yaron da ya tashi a shagon sari a nan Bangi burinsa ɗaya ne: a aike shi Duwala. Ka bi manyan motoci, ka zaɓo kaya da idonka, ka dawo bayan makonni da ƙurar hanya a gira, yaran layi su fara ce maka patron, wato maigida. A shekarar gwiwa ta matsa wa Kawu, ya ce ya daina tafiya, zai zaɓi ɗaya tsakanina da Bashir, ɗan wansa. Bashir mutum ne da zai yini bai yi jimla biyar ba, amma babu suna ko jana'izar da za a yi a unguwa ba ka ga hularsa a sahun gaba ba. Ni kuwa in ana nemana ranar Lahadi, gidan kallon ƙwallo ake zuwa.

Wata rana muna ninke atamfa Kawu ya faɗa mini gaskiyata. "Kai kana da bakin ciniki, ba na musu. Amma ba ka san mutane ba. Sai a yi mutuwa a bayan gidanku kana can kana ihu a kan Turawan da ba su san da kai ba. Wanda bai san haƙƙin maƙwabci ba, ba na ba shi amanar mota."

Maganar ta shige ni. Daga ranar na zama mafaraucin ta'aziyya. Na sayi farar hula, na koyi irin zaman nan na sunkuyar da kai ana jan carbi a hankali. Na je gaisuwar wani tsoho a unguwar Miskin da ban taɓa gani ba, har aka ɗauka jikansa ne aka riƙa yi mini gaisuwa. Sai dai duk inda na je, sai in tarar Bashir ya riga ni, yana zaune kamar da shi aka shimfiɗa tabarmar. (Allah ya gafarta mini, akwai makon da na ɗan ji haushin yadda kowa ke cikin ƙoshin lafiya a layinmu.) Abin da nake nema shi ne rasuwar da ni zan fara ji, ni zan kai wa Kawu labari.

To, jikin shagonmu akwai na Nadim, ɗan Pakistan, mai sayar da wayoyi da batura da fitilun sola, shi da ƙannensa biyu. Ya daɗe a nan har Sango, yaren garin nan, ya zauna a bakinsa, Faransanci ma yana yi, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa" da "Allah ya kai mu" ba. Abin da kowa ya san shi da shi, ba ya rufe shago. Ko a shekarun tashin hankali shi ne na ƙarshen sauke ƙofa, shi ne na farkon ɗagawa. Salla ma bi da bi suke zuwa shi da ƙannen. Kuma ya taɓa gaya mini mahaifiyarsa ta tsufa, tana fama da hawan jini a can gida.

A makon da nake ba ka labari, na ga Nadim yana lalacewa a gaban idona. Ranar farko yana fara'a. Kashegari ya yi shiru. Da aka ƙara kwana, abincin da aka kawo masa ya huce a kan kanta bai taɓa ba, kullum waya na hannunsa, in aka kira shi daga gida sai ya shige bayan kwalaye yana magana da yarensu da muryar mai shirin kuka. Wata mata ta zo sayen fitila ya miƙa mata caja. Na ce a raina, jikin tsohuwa ya yi tsanani.

Ranar Litinin bayan azahar, kasuwa na tsakiyar ci, na fito zan sayo wa Kawu ruwan sanyi sai na ga ƙofar ƙarfen shagon Nadim a sauke rabi. Na sunkuya na leƙa. Su ukun suna zaune a ƙasa bayan kwalayen batura, kawunansu da kafaɗunsu kawai nake gani, sun haɗa kai sun sunkuya. Babu mai magana. Ƙaramin yana cizon wuyan rigarsa, na tsakiyan yana jan carbi da sauri kamar zai tsinka shi. Na yi sallama a hankali. Nadim ya ɗago, idanunsa jajur, hawaye ya jiƙa gemu, ya ɗora yatsa a baki, ya mayar da kansa ƙasa.

Mai hankali zai ƙarasa ciki ya tambaya. Ni kuwa na ja da baya cikin ladabi, ina Inna lillahi, ƙafafuna kuma suna sauri da kansu don kar Bashir ya riga ni.

"Kawu, an yi wa Nadim rasuwa."

Kawu ya ajiye almakashi. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya rasu?"

"Da alama tsohuwarsa ce. Dama tun makon jiya nake lura da shi."

Ya dube ni da wani irin kallo da ban taɓa samu daga gare shi ba. "Madalla da ka lura. Baƙo ne, ba shi da kowa a nan sai mu. Je ka sanar da layi, ka kira Liman."

Na fita kamar an ba ni sarauta. A shago na farko na ce da alama tsohuwarsa ce. A na biyu ma haka. Kafin in kai na huɗu, "da alama" ta faɗi a hanya ban koma na ɗauka ba. Da na isa ƙarshen layi har na san lokacin da ta cika: bayan sallar asuba, cikin sauƙi, da kalmar shahada a bakinta. (Har yau ban san daga ina wannan ya fito ba. Wani ya tambaya, bakina ya amsa.)

Mutanen Kilomita Biyar ba sa wasa da gaisuwar mutuwa. Mun binne mutane da yawa a shekarun baya, wasu ma ba mu sami damar zama mu yi musu addu'a ba, don haka in aka ce an yi rashi kowa ajiye abin hannunsa yake. Ƙofofi suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, garam, garam. Masu taksi-moto, 'yan acaban bakin layi, suka kashe injuna. Maman Kolet, wata Kirista daga Miskin da ke sayar mana da abinci a kwana, ta sauke tukunyar miya ta ɗora ta kofi, don a wurinsu ba a zaman makoki babu kofi. Ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta biyo mu tana rusa kuka da Sango: "Mama ti e akui awe!", wato uwarmu ta rasu. Matar da ko hotonta ba ta taɓa gani ba.

Ni na shige gaba. Ni na shimfiɗa tabarmi tsakanin kwalaye, ni na nuna wa dattawa wurin zama, kowa ya sunkuya ta ƙarƙashin ƙofar ya shigo. Da na kai hannu zan ɗaga ƙofar gaba ɗaya don a sha iska, ƙaramin ƙanin ya daka mini tsawa da Faransanci in bar ta yadda take. Na bari. Nadim ya ɗago ya ga shagonsa cike da manyan riguna, ya zaro ido, ya buɗe baki zai yi magana, sai na tsakiyan ya damƙe masa hannu. Duk suka mayar da kai ƙasa. Wani abu ya faru a can bayan kwalayen da ya sa su ukun suka ja numfashi tare. Nadim ya sake ɗagowa ya dube mu kamar waɗanda aka aiko daga sama, ya riƙa yi mana alama da tafin hannu: ku zauna, ku zauna.

Wani dattijo ya yunƙura zai gyara zama saboda ƙafarsa ta yi sanyi. Su ukun suka yi ihu baki ɗaya kar ya motsa. Tsohon ya koma ya daskare da ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Kawu ya matso kunnena ya ce, "A yi musu uzuri. Mutuwar uwa zafi gare ta."

Liman ya gyara murya ya fara. Ya yi da Larabci, ya dawo Hausa, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, Allah ya haskaka kabarinta. Muna amin. Da ya zo shafawa, Nadim bai ko ɗago ba ya ce, "Ankor, Malam, ankor!" Wato a ƙara. Limaminmu kuwa mutum ne da kullum ake gunaguni a kan tsawon addu'arsa, yau ga wanda ke roƙon ƙari. Ya gyara rawani ya sake ɗauka daga farko. Ya yi wa mamaciya, ya yi wa iyayenta, ya yi wa kakanninta, ya haɗa da duk Musulmin Pakistan na farko da na ƙarshe.

Amin ɗin Nadim dai ba ta bin ƙa'ida. Wani lokaci sai ta fito a tsakiyar jimla, da ƙarfi, har da dukan cinya. Can kuma su ukun suka ce "Ya Allah!" suka dafe kai, shagon ya yi tsit, sannan suka sauke ajiyar zuciya. Maman Kolet ta ɗauka ita ake jira, ta ƙara wa kukanta murya daga bakin ƙofa.

Ni fa ina ina? Ina gefen Liman, gwiwa da gwiwa, da farar hulata. Ina miƙa kofi, ina girgiza kai irin na wanda ya san duniya ba bakin komai take ba. Har na matso hawaye guda ɗaya, na bar shi ya gangaro ta ɓangaren da Kawu yake. Na waiga na hango Bashir can baya wajen takalma, ko tabarma bai samu ba. Wallahi daɗi ya rufe ni. Ana yi wa baiwar Allah addu'ar kabari, ni ina tunanin wace jaka zan ɗauka zuwa Duwala.

Daga ƙarshe muryar Liman ta dushe, ya ce, "Fatiha." Kowa ya ɗaga hannu. Shiru, sai ƙarar fanka.

A cikin shirun nan ƙaramin ƙanin ya fara wani sauti siriri kamar butar shayi ta kusa tafasa. Sai kawai kwalaye suka watse. Su ukun suka yi sama. Na tsakiyan ya yi jifa da carbi, ya haye kanta yana rawa. Ƙaramin ya fizgi sandar goge-goge ya yi waje yana kaɗa ta a iska, ya kusa kifar da tukunyar kofi. Nadim ya tsallake dattawa biyu, ya rungumi Liman ya ɗaga shi cak daga ƙasa, yana sumbatar rawaninsa yana kuka yana dariya.

"Ya zautu!" in ji Kawu. "Ku riƙe shi, baƙin ciki ya taɓa masa kai!"

Ƙarti biyu daga cikin masu taksi-moto suka danne Nadim a kan tabarma. Liman, rawani a karkace, ya fara yi masa tofi a ka. Nadim yana fizge-fizge yana ihu da Sango da Faransanci da yarensu a haɗe, har Allah ya ba shi Hausar da ta dace: "Mun ci! Mun ci!" Ya ƙwace hannu ɗaya, ya ƙure muryar wayarsa, ya tura ta gaban fuskar Kawu. Ihun dubban mutane ya cika shagon, da wani Bature yana magana kamar ana yanka shi.

Kawu ya sa tabarau ya duba. Koren fili ne, da wasu maza cikin fararen kaya suna rungumar juna suna kuka, ɗaya da hular kwano da wani faffaɗan katako a hannu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Waɗannan su ne dangin mamaciyar?"

Ni dai tun da na ga koren filin nan na san na kwafsa. Na yi shekaru a gidan kallo, na san fuskar mutumin da ƙungiyarsa ta farke a minti na ƙarshe. Irin fuskar ce a gabana tun ɗazu, farar hula ta hana ni ganewa.

Da aka sake shi, Nadim ya yi mana bayani yana haki. Wasa ne, sunansa kurket, ƙasarsu da wata ƙasar Turawa. Irin wannan karawar kwana biyar ake yi ana bugawa, har da tashi cin abinci da shan shayi a tsakani. (Kwana biyar! Mu da muke zagin alƙali in ya ƙara minti shida.) Tun rana ta biyu aka yi musu nisan da kowa ya fid da rai, shi ya sa abinci ya ƙi shiga. A ranar ƙarshe kuma aka yi ta fitar da 'yan wasansu har ya rage mutum biyu a fili, in aka fitar da ɗaya shi ke nan. Ɗayan ma yaro ne da aka ɗauka don jifan ƙwallo, katakon ko riƙe shi bai iya sosai ba. Su biyun nan suka kafe tun azahar, suna tsintar maki ɗaya-ɗaya, har suka kamo Turawan suka wuce.

Su kuma a al'adarsu ta kallon wasan, in sa'a ta fara zuwa ba a motsi. Inda kake zaune nan za ka zauna, ba magana, ba tashi fitsari. Sun kashe muryar wayar ne don da safe da suka ƙara ta an fitar musu da mutum uku a jere. Ƙofa kuwa ƙaramin ya fara sauke ta ne don hasken rana na dukan wayar, a daidai lokacin abubuwa suka fara gyaruwa, sai aka bar ta a rabi. Da muka shigo, yaron nan ya maka ƙwallo har bakin fili, Nadim ya ce waɗannan bayin Allah da sa'a suka zo. Addu'ar Liman kuwa, Nadim ya rantse ban da "Allahumma" babu abin da ya shiga kunnensa.

Liman ya gyara rawaninsa ya ce, "To, mahaifiyar taka fa?"

"Mama? Lafiyarta ƙalau."

Kamar jira take, wayar ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne daga gida. Nadim ya amsa, sai ga wata tsohuwa da koren mayafi tana buga murfin tukunya da cokali, tana dariya da bakin da ba haƙora. Don murna ya juya wayar ya zagaya da ita shagon, ta ga dattawan layi a jere a kan tabarmi da kofunan kofi a hannu. Liman, wanda ya gama roƙa mata sauƙin tambayar kabari, ya ɗaga mata hannu ya ce, "Sannu, Hajiya. Ya ƙarfin jiki?"

Sai wani daga baya ya yi tambayar da nake roƙon Allah kar a yi: "Wai wa ya ce ta rasu ne?"

Ban taɓa sanin wuyan mutane da yawa zai iya juyawa lokaci ɗaya ba. Maman Kolet ta share hawayenta da bakin zane, ta nuna ni da ludayi. "Wannan ne. Har ya ce bayan asuba ta cika. Na bar miyata tana hucewa a banza!" Na duba ƙasa ko akwai rami, siminti ne. Na ji zufa tana bin bayana, kunnuwana suka yi zafi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na ce da alama." Mai shago na huɗu ya ce shi dai ba a kawo masa wata alama ba.

Nadim ya fassara wa tsohuwar abin da ya tara mu. Ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce a gaya wa Malam ta karɓi addu'a ta gode, amma ba ta shirya ba tukuna.

Aka yi ta dariya, har dattijon nan mai ƙafa a lanƙwashe. Nadim ma yana yi, sai ya sunkuya ya leƙa waje, ya ga layi a rufe tun daga kwana har ƙarshe, ranar Litinin, kasuwa na ci. Dariyar ta tsaya. Ya tambayi Kawu da Sango, "Duk saboda ni aka rufe?" Kawu ya ce to saboda wa. Nadim ya zauna a kan kwali ya rufe fuska da hannu. Ya ce shekarun nan duka da ya yi a nan, akwai abin da yake tunani in ya kwanta bai taɓa gaya wa kowa ba: in ya mutu a garin nan, wa zai wanke shi, wa zai tsaya a bayansa. Ya ce yau ya ga amsa. Wannan kukan na biyu babu wanda ya yi masa dariya, ni ma na ji shi har cikin raina. Ya aika aka kwaso lemo a kwali-kwali, makoki ya koma walima.

Wannan ya sa na ɗan samu ƙwarin gwiwa. Na ce ai ko banza na haɗa zumunci, wataƙila Kawu ya duba ta nan. Washegari da safe, muna buɗe shago, ya kira mu ni da Bashir.

"Bashir, ka shirya, jibi motar Duwala za ta tashi." Ya juyo gare ni. "Kai kuma zuciyarka mai kyau ce, jiya na gani. Amma a hanyar nan direbobi a ƙarƙashin mota suke barci, su lulluɓa da farin zane har ka. Ina tsoron in aike ka, ka tara jama'a ka sallace su."

Bashir ya yi dariya. A iya sanina wannan ce ta farko a rayuwarsa, kuma a kaina ya fara. Ni na ɗaukar masa jaka har tasha.

Yanzu ina nan a shago ina ninke atamfa. Nadim ya koya mini kurket, har na fara gane dalilin da zai sa babba da gemunsa ya ƙi cin abinci saboda shi. Abin da na koya dai bai da yawa, amma da tsada na saye shi: in ka ga namiji ya sunkuyar da kai yana hawaye da rana tsaka, kafin ka ce Allah ya jiƙan rai, ƙarasa ka leƙa tafin hannunsa tukuna.